Sunan Yaron Shago Jari Ne: Wa Zai Koya Masa Tsaron Sawunsa A Intanet?

Sanin kowa ne cewa tun daga ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin Naira a farkon shekarar 2023, ciniki a Babbar Kasuwar Jimeta da kasuwar cikin garin Yola ya koma kan wayar hannu. Da mai sayen mudun shinkafa da mai sarin dilar atamfa duk tambayarsu ɗaya ce, wato a wace lamba za a tura kuɗi. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, sau da yawa lambar da ake bayarwa ba ta mai shago ba ce, ta yaronsa ce, domin shi ne ya iya latsa waya, shi ne kuma ke zaune a shago daga safe har magariba. Ta haka dukiyar Alhaji ta koma kwana a asusun yaron da bai cika shekara 20 ba, wanda babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya bayyana masa abin da ke rataye da wannan asusu, balle irin sawun da yake bari duk lokacin da ya taɓa wayarsa.

Mutanen Adamawa ba baƙi ba ne ga maganar sawu. Idan aka kore wa makiyayi shanu da dare, da asuba za a nemo masu bin sawu, su bi ta fadama da tudu har su kai inda aka tsaya. Amma sawun ƙasa yana da wa'adi, domin iska na share shi, ruwan sama na wanke shi, wani garken kuma na iya take shi. Sawun da mutum ke bari a intanet ba shi da wannan wa'adin. Kowane rance da ya karɓa ta waya, kowane hoto da ya aika, kowace kalma da ya rubuta a Facebook cikin fushi, kowane fom da ya cika da lambar BVN ko ta NIN, duk suna ajiye a na'urorin da ba ya gani, a hannun mutanen da bai sani ba, kuma ana iya tono su bayan shekaru.

Ra'ayina a nan shi ne, wannan sawu dukiya ce ta tattalin arziki, kuma shi ne jarin farko da yawancin matasanmu suka mallaka. Tun da dukiya ce, kuma asararta kan faɗa kan 'yan kasuwa kafin kowa, to koyar da tsaronta aiki ne na iyayen gida da ƙungiyoyin kasuwa. Ba abin da za a zauna jiran malamin makaranta ba ne.

Bari mu fara da dalilin da ya sa na kira shi jari. A shekarar 1970 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi wani rubutu a kan kasuwar tsofaffin motoci, wanda yana cikin abin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne, idan mai saye ba shi da hanyar bambance kaya mai kyau da marar kyau, zai taya kowa da farashin marar kyau, sai masu kayan kirki su janye, kasuwa ta lalace. Dillalan kasuwar shanu ta Ngurore ba su karanta shi ba, amma sun riga shi warware matsalar. Dillali yakan tsaya a kan cewa saniya ba ta sata ba ce, mai saye kuma zai cika alkawari, la'adarsa kuwa ita ce kuɗin wannan shaida. Haka nan ɗan kasuwar Jimeta da ke karɓar kaya bashi daga Kano ko Anaca, ko mai kai kaya Garwa ta ƙasar Kamaru, ba takardar fili yake ajiyewa ba. Sunansa yake jinginarwa, da na ubangidan da ya yaye shi.

Wannan tsohon tsari yana nan, sai dai an gina wani a kansa. A watan Fabrairu na 2014 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN, wadda ta ɗaure dukkan asusun mutum da zanen yatsunsa. A 2017 aka yi dokar da ta tsara aikin kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin jama'a, waɗanda bankuna ke tuntuɓa kafin su ba da rance. A watan Agusta na 2020 aka fara aiki da umurnin da ya ba banki damar cire bashinsa daga kuɗin da mutum ya ajiye a wani bankin daban. A watan Disamba na wannan shekarar kuma hukumar sadarwa ta NCC ta umurci a haɗa kowane layin waya da lambar NIN. Idan mai karatu ya haɗa waɗannan matakai huɗu, zai ga cewa an samar da sabon dillali, wanda ya san kowa daga Jambutu har Legas. Bambancinsa da na Ngurore shi ne, shi ba a kai masa dattijo ya ba shi haƙuri, ba ya kuma jin cewa ƙuruciya ce ta ja yaro.

To, nawa matasa ke sayar da wannan jari? A watan Yuli na 2025 Hukumar EFCC ta sanar da cewa ta gano matasa kimanin 12,000 a faɗin ƙasar nan da ke bin jama'a suna karɓar bayanan NIN da BVN da hotunansu a kan Naira 1,500 zuwa 2,000, su kuma su sayar a kan kimanin Naira 5,000, a buɗe asusun da ake amfani da su wajen zamba. Wannan adadi na ƙasa baki ɗaya ne, amma babu dalilin da zai sa mu ɗauka cewa an tsallake Yola da Jimeta, inda ɗalibai ke taruwa a Jami'ar Modibbo Adama da Kwalejin Ilmi ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, ga kuma dubban samari da ke zaman jiran aiki a Doubeli da Luggere da Nassarawo. A wurin yaron da bai karya ba, Naira 2,000 kuɗi ne, lambar kuma ba ya ganin ta rage shi da komai, tun da tana nan a hannunsa bayan ya bayar. Nan ne kuskuren lissafin yake. Abin da ya sayar shi ne izinin a yi laifi da sunansa. Ranar da kuɗin zamba suka bi ta wannan asusu, sawun da jami'ai za su bi ba zai kai su wurin ɗan damfara ba, zai kai su ƙofar gidan mahaifinsa ne. Idan aka sa lambarsa ta BVN cikin jerin waɗanda ake tuhuma, ko aka ɗaure asusunsa, to har da cinikin shago na wannan makon da ke kwance a ciki. Mai shago zai je banki ya yi rantsuwa cewa kuɗinsa ne, banki kuwa sunan da ke kan asusu kaɗai ya sani.

Hanya ta biyu ita ce ta masu ba da rance ta manhajar waya, kuma a nan ne aka fi wulaƙanta mutane. Yaro zai sauke manhaja don ya ranci Naira 10,000, ta nemi izinin duba lambobin da ke cikin wayarsa, ya latsa amincewa ba tare da ya karanta ba. Daga wannan lokaci sun mallaki lambar ubangidansa da ta surukinsa da ta duk abokan cinikin shago. Idan ya makara da biya kwana biyu, sai saƙo ya isa ga kowa cewa wane ɓarawo ne, wani lokaci har da hotonsa. A watan Agusta na 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar Naira miliyan 10 saboda irin wannan ɗabi'a, a watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas, sannan a 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan mutane. Duk wannan ya rage ɓarnar, amma bai kashe ta ba, domin ana ci gaba da tura manhajojin da ba su da rajista daga waya zuwa waya. Mai karatu ya tambayi kansa, idan babban abokin cinikinsa na Mubi ya sami saƙo cewa yaron da ke karɓar kuɗi a shagonsa macuci ne, sunan wa ya ɓaci?

Hanya ta uku kuwa ta gida ce, ba wanda zai ba mazaunin Jimeta labarinta. 'Yan Shila sun shafe shekaru suna ƙwace wayoyin jama'a, sau da yawa a cikin Keke Napep ko a lungu bayan isha'i, duk da kamen da 'yan sanda ke yi musu a kai a kai. Mutane kan yi kukan wayar da aka ƙwace, alhali abin da ya fi ta daraja shi ne ɗan ƙaramin katin layin da ke cikinta. Da shi ake karɓar lambobin tabbatarwa da banki ke aikowa, da shi ake iya gano lambar BVN, da shi kuma ake shiga WhatsApp a riƙa roƙon abokan mutum kuɗi da sunansa. Maganin wannan bai kai kuɗin kofin shayi ba. Kowace waya tana da wurin da ake sa wa katin layi lambar sirri, ta yadda idan an cire shi an sa a wata wayar ba zai yi aiki ba, kowane banki kuma yana da hanyar rufe asusu nan take daga wayar wani. Aikin minti biyar ne. Sai dai mai karatu ya gwada tambayar yaran shagonsa gobe da safe ya ji mutum nawa suka yi.

Kusa da wannan akwai shagunan kwamfuta. Tun daga 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN, asusun ba ɗalibai rance na NELFUND da aka buɗe a watan Mayu na 2024 shi ma yana neman NIN da BVN. Yawancin yara a shagon kwamfuta suke cika waɗannan, mai shago ne ke buɗe musu adireshin imel, shi ke zaɓa musu kalmar sirri, galibi sunan yaro da shekarar haihuwarsa, takardun da aka ɗauki hotonsu kuma su zauna a na'urar da kowa ke taɓawa. Ba ina zargin masu wannan sana'a ba ne, da yawansu matasa ne masu neman halal, amma an bar su da amanar da babu wanda ya koya musu riƙonta. Ga kuma saƙonnin ƙarya da ke yawo da sunan tallafin gwamnati, waɗanda ke cewa a latsa nan a cika fom kafin gobe. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Sai maganar baki, wadda Bahaushe ya ce zarar bunu ce. A watan Nuwamba na 2022 jami'an tsaro sun kama wani ɗalibi na Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda wani ɗan gajeren rubutu da ya yi a Twitter a kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Hajiya Aisha Buhari, rubutun da ya yi tun watan Yuni. An sake shi a watan Disamba bayan jama'a sun yi ca. Ina cikin masu ganin cewa kamun bai dace ba, amma darasin da ke ciki ga matashi shi ne wata biyar da suka wuce ba su goge komai ba. Haka kuma tun 2019 Amurka ta fara neman mai son biza ya rubuta sunayen da ya yi amfani da su a shafukan sada zumunta cikin shekara biyar da suka wuce. Ɗan kasuwar da ya kashe miliyoyi ya kai ɗansa Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola da niyyar ya ƙaro karatu a waje, ya kamata ya san cewa abin da yaron ya rubuta yana aji huɗu na sakandare yana cikin takardunsa. Mai ɗaukar akawu ko direba a nan gida ma ya fara leƙa shafin mai neman aiki kafin ya kira shi.

'Yan mata sun fi kowa shiga haɗari, ga shi kuwa su ne suka fi cin moriyar wayar ta fuskar sana'a. Matan aure da 'yan mata da yawa a Bekaji da Karewa da cikin Yola suna sayar da turare da atamfa da abinci daga ɗaki, ba haya ba kuɗin mota. Wannan ci gaba ne na gaske. Amma hoto guda da aka aika wa wanda aka amince da shi na iya zama makamin karɓar kuɗi da barazana, kuma yarinyar da ta san duka za ta sha a gida ba za ta faɗa ba, za ta yi ta biya ne daga jarinta har ya ƙare. A watan Yuli na 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Nijeriya da ke da alaƙa da irin wannan barazana. Uban da ke ganin maganin shi ne ya ƙwace wayar, ya rufe wa 'yarsa kasuwa ne kawai, ya kuma koya mata ɓoyewa.

Wani zai ce ai wannan aikin makaranta ne, kuma Gwamnatin Tarayya ta sanar da sabon tsarin karatu a 2025 wanda ya ba ilmin fasahar zamani wuri. Madalla. Amma tsarin karatu takarda ce, sai an sami malamin da ya iya, da wutar lantarki, da na'ura. Kafin wannan ya kai makarantun Girei da Fufore, yaran da ke riƙe da asusun shaguna a yau sun yi aure. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin yaran kasuwa da masu sana'ar POS ba ta aji suka biyo ba, ta hannun ubangida suka biyo. A ilmin tattalin arziki, idan ana neman wanda zai ɗauki nauyin rigakafi, akan duba wanda asara za ta fi faɗa wa, wanda kuma zai iya yi da mafi ƙarancin kuɗi. A nan amsar duka biyun ɗaya ce, ubangida ne.

Alal haƙiƙa ba sabon aiki ake ɗora masa ba. Ubangidan kirki ya saba koya wa yaro yadda ake gane jabun kuɗi, da wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, da cewa ba a faɗin sirrin shago a majalisa. Abin da ake nema shi ne ya ƙara babi guda. Ya fara da gyara nasa gidan, ya buɗe wa shago asusu da sunan shago, ya daina tara ciniki a asusun yaro, domin wannan ya fi kowace nasiha tasiri. Sannan ya zaunar da yaransa ya sa kowa ya kulle katin layinsa a gabansa, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, ya kuma haddace hanyar rufe asusun bankinsa. Ya gaya musu a fili cewa lambar da banki ya aiko ta waya ba a karanta wa kowa, ko da mai kiran ya ce daga hedikwata yake, kuma duk wanda ya ba da aron asusunsa ko ya sayar da lambarsa ya bar shago. Idan ubangidan da kansa bai iya ba, babu kunya a ciki, ya kira ɗansa ko ɗan maƙwabci mai karatu a jami'a, a koya masa tare da yaran.

Ƙungiyoyin kasuwa kuma suna da abin da ɗaiɗaikun mutane ba su da shi, wato ikon kira a amsa. Kowane layi a kasuwar Jimeta yana da shugabanni, masu sayar da waya da masu gyaranta suna da ƙungiya, haka masu POS, waɗanda tun 2024 aka wajabta musu rajista da hukumar CAC. Bankuna da kamfanonin POS da ke cin riba daga kowace Naira da ta ratsa kasuwar nan, bai kamata a roƙe su ba, sharaɗi ya kamata a gindaya musu: duk wanda ke son ya kafa rumfar tallar buɗe asusu a kasuwa, ya kawo ma'aikacin da zai yi awa guda yana koyar da tsaro da Hausa da Fulfulde. Na ce da Hausa da Fulfulde ne da gangan, domin yawancin gargaɗin da bankuna ke aikowa da Turanci ne, ɗan damfara kuwa da harshen uwarka yake kiranka, har da sallama da tambayar iyali.

Yola ma tana da abin koyi a gida. Bayan faɗuwar Mubi a hannun Boko Haram a watan Oktoba na 2014, lokacin da garin ya cika da 'yan gudun hijira, Jami'ar Amurka ta Nijeriya ta gudanar da wani shiri mai suna TELA a 2015 da 2016, inda aka koya wa dubban yara karatu da lissafi ta hanyar rediyo da ƙananan na'urori, a tsakar gidaje da ƙarƙashin itatuwa. Idan an iya koyar da baƙi da wasali ta rediyo a cikin wancan hali, ban ga abin da zai hana Rediyo Gotel da gidan rediyon jiha da Fombina FM su ware minti 15 a mako don wannan ba, ƙungiyar 'yan kasuwa ta ɗauki nauyi kamar yadda ake ɗaukar nauyin tafsiri da azumi.

Akwai kuma abin da doka ta ɗora wa ɗan kasuwa kai tsaye, wanda da yawa ba su ji labarinsa ba. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ba mutum haƙƙin neman a nuna masa bayanan da aka ajiye a kansa, a gyara kuskure, ko a goge, ta kuma ce bayanan yaron da bai kai shekara 18 ba sai da izinin iyaye ko waliyyi. Ba manyan kamfanoni kaɗai ta shafa ba, ko da yake su aka fara ci tara, kamar bankin Fidelity da aka yanka wa Naira miliyan 555.8 a 2024. Mai makarantar kuɗi a Dougirei da ke tara takardun haihuwar ɗalibai, da mai otal da ke ɗaukar hoton katin shaidar baƙo, da mai shagon kwamfuta, duk masu riƙe da bayanan jama'a ne a idon doka. Ga ƙananan masu sana'a, tarar na iya kaiwa Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da suka shigo a shekara, duk wanda ya fi yawa. Wanda ke zaune gaban na'urar da waɗannan takardu ke ciki, galibi yaron nan ne dai da ba a koya wa komai ba.

Ga wanda ya riga ya ba da lambarsa ko ya faɗa hannun masu rance, ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba. Dokar 2017 ta ba kowa damar karɓar rahoton tarihin bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanonin da ke ajiye shi, ya ga ko an ci bashi da sunansa, ya kuma ƙalubalanci abin da ba nasa ba. Wanda ya sayar da bayanansa ya je bankinsa da ƙafarsa ya kai rahoto a rubuce, ya karɓi shaidar cewa ya kai, tun kafin a zo nemansa. Ubangida ya raka shi, domin yaro ɗan shekara 19 ba zai shiga ofishin manaja shi kaɗai ya faɗi irin wannan magana ba.